Ɓawon Rogo da Halittun da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya ratsa ƙasar Doma da kaka, tun daga cikin gari inda fadar Andoma take har ƙauyukan da ke wajen Rukubi, ya ga yadda Allah ya albarkaci wannan ƙasa da doya da rogo da riɗi da agushi da shinkafa, lalle zai ga wani abu kuma wanda mutane ba su cika kula da shi ba, wato tsibin ɓawon rogo a bayan gidajen masu tuyar gari, da tarin ɓuntu da dusa a bakin injinan casa. Awaki su tsinci abin da suka tsinta, saura kuwa ya ruɓe, ya yi wari, ya tara ƙuda, ko kuwa a cinna masa wuta hayaƙi ya dami maƙwabta. A lokaci guda kuma mai kiwon kaji a Lafiya yana kukan tsadar masara da waken soya. To, wannan babi zai nuna maka, ya kai mai karatu, cewa a cikin abin da muke zubarwa akwai arziki, kuma akwai ma'aikatan da Allah ya halitta musamman domin su fitar da shi.

Waɗannan ma'aikata wasu ƙwayoyin halitta ne masu rai, waɗanda saboda tsananin ƙanƙantarsu ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, alhali kuwa suna cikin ruwa da ƙasa da iska, har da cikin hanjinmu. Wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek ne ya fara ganinsu wajen shekara ta 1676, sa'an nan a ƙarni na 19 wani masani na Faransa, Louis Pasteur, ya tabbatar da hujja cewa su ne ke sa madara ta yi tsami, ƙullu ya kumbura. Amma iyayenmu mata sun daɗe suna aiki da su tun ba a san sunansu ba. Mace ta dafa kalwa, ta wanke, ta zuba a ƙwarya ko kwando, ta rufe da ganye ta ajiye a wuri mai ɗumi, bayan kwana biyu ko uku ta buɗe ta tarar ta yi yauƙi, ta yi laushi, ƙamshin daddawa ya tashi. Bafillatana kuma ta ɗiga ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara, kashegari ta sami kindirmo. Duk wannan aikin halittun nan ne.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, jikin waɗannan halittu shi kansa abinci ne. Jikin mutum da na dabba yana bukatar abinci iri biyu manya: mai ba da ƙarfi, kamar tuwo da rogo da doya, da kuma mai gina jiki, wanda masana ke kira furotin, irin wanda ake samu a nama da kifi da ƙwai da wake. Ɓawon rogo yana da mai ba da ƙarfi da yawa, amma mai gina jikinsa kaɗan ne ƙwarai, bai fi kashi biyar cikin ɗari ba. Yis kuwa, wanda masu burodi ke sa wa fulawa, idan aka busar da shi, kusan rabinsa mai gina jiki ne. Ga shi kuma da saurin yaɗuwa, domin idan ya sami abinci da ɗumi da iska yakan ninka yawansa cikin kamar sa'a biyu, alhali ɗan maraƙi sai ya yi watanni kafin ya ninka nauyinsa. Saboda haka masana suka ce, a ciyar da halittun nan da abin da ake zubarwa, su hayayyafa, sa'an nan a tattara su a ciyar da dabbobi, ko ma mutane.

An jarraba wannan a ƙasashe da dama. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da abinci ya yi wuya a Jamus, sun riƙa renon wani irin yis a cikin ruwan da masana'antun takarda ke zubarwa, suna haɗa shi a abinci. A ƙasar Finlan, daga 1975 zuwa 1991, an yi wani abincin dabbobi mai suna Pekilo da irin wannan ruwa. A Ingila kuma tun 1985 ake sayar da Quorn, wanda ake yi da wata irin fumfuna mai tsabta da ake reno a manyan tankuna, ana cinsa a madadin nama, ko da yake shi da sukari ake ciyar da fumfunarsa. Kusa da mu ma, matan Kanembu na yankin Tafkin Cadi sun daɗe suna kwasar wata koriyar gansakuka daga ƙananan tafkunan kanwa, suna shanya ta a kan yashi, suna miya da ita, sunanta dihe a bakinsu.

Sai dai akwai sharaɗi guda, wanda in ba a cika shi ba aikin banza ne. Halittun nan ba sa iya gina furotin da rogo tsagwaronsa, sai an haɗa musu da sinadarin nan da ke sa masara ta yi kore shar, wato naitirojin, wanda ke cikin takin yuriya. Dubi hikimar Ubangiji a cikin saniya. Tumbinta cike yake da waɗannan halittu, su ne ke narkar da ciyawa da kara, su hayayyafa, sa'an nan su gangara gaba a cikin hanji ita kuma ta narkar da su, su zama nama da nono. Wannan ne dalilin da ya sa malaman dabbobi ke koyar da jiƙa tattakar shinkafa da yuriya: kilo 4 na yuriya a narkar da shi cikin ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na tattaka, a tattake, a rufe da leda ruf har mako uku, sa'an nan a buɗe ta sha iska kafin a ba shanu. Amma ka yi hattara, yuriya tsurarta guba ce, tana iya kashe saniya cikin ɗan lokaci, kuma ba a ba kaji ko jaki ko doki ko maraƙin da bai fara tuƙa ba. Kada ka fara sai malamin dabbobi yana tsaye.

Mu koma ga ɓawon rogo. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, ɓawon da ake ferewa kuwa ya kai miliyoyin tan a kowace shekara. A cikinsa akwai guba, irin wadda ke sa rogo mai ɗaci ya bugar da akuya, kuma shanya shi ɗanye takan ɗauki kwana biyu ko uku, da damina ma ya ruɓe kafin ya bushe. Masanan cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ke Ibadan sun fito da hanya mai sauƙi, da kayan aikin da masu gari ke da su. A ɗauki ɓawo sabo na ranar, a tsince ƙasa da duwatsu, a markaɗa a inji har ya yi laushi, a ɗura a buhu a danne da abin matsa ya kwana. Cikin daren nan ruwan gubar yana tsiyayewa, halittun kuma suna aikinsu, har ya ɗan yi tsami kamar ƙullun gari. Da safe a farfasa, a tankaɗe da rariya, a baza shi siriri a kan leda ko siminti, cikin wuni guda ya bushe. Mai laushin na kaji ne da kifi, mai gautsin na awaki da tumaki da shanu. Yana maye gurbin wani kashi na masara, amma wajibi ne a haɗa da ƙuliƙuli ko waken soya, domin mai gina jikinsa bai isa ba.

Ba dukkan halittun nan ne masu amfani ba. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi tana fitar da dafi mai lalata hanta, shi ne ya kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960. Don haka duk abin da ya yi baƙi ko kore, ko yake warin ruɓa, taki ne, a kai shi gona. Haka nan ba a haɗa najasa ko mushe a abincin dabbar da za a ci, domin kiyaye lafiya.

Renon yis a tankuna aiki ne na masana'anta da masu ilmi, kuma ya dace 'ya'yanmu da ke karatun aikin gona a Lafiya su himmatu a kansa, tun da kayan aikin yana zube a ƙofar gidajenmu, ga kuma ɓuntu da dusa daga babban injin casar shinkafa na Olam da aka buɗe a Rukubi a 2014. Amma sarrafa ɓawo yana hannunmu yau. Idan mata goma masu tuyar gari suka haɗa kai suka tara ɓawonsu wuri ɗaya, za su sami abin sayarwa, unguwa ta tsabtata, su kuma kuɓuta daga almubazzaranci, wanda addini ya yi hani da shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abinci ne na gida ake yi da taimakon halittun da ido ba ya gani?
2. Me ya sa ake matse ɓawon rogo ya kwana kafin a shanya?
3. Waɗanne dabbobi ne ba a ba yuriya?
4. Me za ka yi da abincin dabbobin da ya yi fumfuna?