Tsohuwar Caja Ta Ƙi Shiga Sabuwar Waya

Tambaya: Ɗana ya aiko mini da iPhone 15, amma tsohuwar cajata ta ƙi shiga. An cuce shi ne?

Amsa: Baba, kwantar da hankalinka, ba wanda ya cuce shi. Tun 2023 kamfanin Apple ya koma bakin caja irin na USB-C, domin Tarayyar Turai ta wajabta shi ga sababbin wayoyi daga ƙarshen 2024. Abin da nake jiye maka shi ne cajar bakin titi mai araha. Da idona na ga wadda ta yi zafi har robarta ta narke, ta ƙona zanen gado. Don Allah nemi mai inganci ko da tsada, kuma kada ka kwana da waya ƙarƙashin matashin kai tana caji.