Kafin ka fesa magani, ɗauki hoton ƙwaron

Aikina binciken ƙwarin gona ne a nan Minna, kuma tambayar da manoma suka fi yi mini ita ce ko sauyin yanayi ne ya sa ƙwari suka addabe mu haka. Amsar tana buƙatar tarihi a rubuce: wane ƙwaro, a wace gona, a wace rana. Shi ne kuwa ya yi mana ƙaranci ƙwarai.

Zafin gari ne ke tafiyar da jikin ƙwaro. Tsutsar masarar nan da ta ɓulla a Najeriya a 2016, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, in ana zafi takan tashi daga ƙwai har ta kai ga saka nata ƙwan cikin kwana 30 ko kusa da haka. In da sanyi sai ta ɗauki wata biyu ko fiye. Ɗan ƙarin zafi ke nan ƙarin zuriya a damina guda. Fitowar shinge bayan ruwan farko da saukar ƙudan zuma kan furen mangwaro su ma yanayi suke bi.

Masu bincike na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano, da na cibiyar binciken hatsi ta Badeggi, ba za su iya zagaye kowace gona ba. Ku manoma kuwa kullum kuna can, waya na aljihu.

In za ka ɗauki hoton ƙwaro, ka matso kusa, ka ajiye murfin biro a gefe don a gane girman ƙwaron, ka ɗauka ta sama da ta gefe, sannan ka ɗauki ganyen da ya ci. In tsutsar masara kake zargi, kai da wutsiya muke son gani: tana da alama kamar harafin Y a kife a goshi, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Ka bar alamar wuri a kunne, domin hoton da ba shi da wuri da kwanan wata ba ya amfanar bincike. Sai ka ɗora a manhajar iNaturalist, kyauta ce, masana su tantance sunansa.

Hoto ɗaya ba hujja ba ne. Amma gona guda, ana ɗauka kowace damina shekara biyar ko goma, wannan hujja ce da ba a musunta ta. Malaman makarantu da matasan Chanchaga, Maikunkele da Paiko, don Allah ku fara daga daminar bana.