Darasi Na Goma Sha Biyu: Baƙon Ɗalibi Da Inshorar Lafiya A Maiduguri

Jihar Borno ta yi iyaka da ƙasashe uku: Nijar da Chadi da Kamaru. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga matasa daga waɗannan ƙasashe suna karatu a Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a shekarar 1975. Baƙon ɗalibi yakan zo da tanadin kuɗin makaranta da na haya da na abinci. Sau da yawa abin da yake mantawa shi ne kuɗin magani, alhali kuwa ciwo ba ya sallama.

Inshorar lafiya tsari ne na taimakon juna. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya tun suna da lafiya, duk wanda ciwo ya kama sai a biya masa daga ciki. Ta yi kama da adashi, amma akwai bambanci. A adashi kowa yana jiran ranar ɗaukarsa. A inshora kuwa mara lafiya ne kaɗai yake ɗauka, kuma babu mai fatan ranarsa ta zo.

A Nijeriya an yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, amma shirin bai fara aiki ba sai a 2005. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan 'yan ƙasa da kuma baƙin da suke zaune bisa ƙa'ida. Ke nan ta shafi ɗalibin da ya zo daga Njamena kamar yadda ta shafi ɗan unguwar Gwange.

Ɗaliban manyan makarantu suna da shirinsu na musamman mai suna TISHIP. Akan karɓi kuɗinsa tare da kuɗin rajista, shi ya sa wani ɗalibin yakan biya ba tare da ya lura ba. Idan ya ji ba daɗi, asibitin makaranta zai fara zuwa, a duba shi, a ba shi magani. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, sai a ba shi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Wannan takarda tana da muhimmanci ƙwarai. In ba larurar gaggawa ba, wanda ya wuce babban asibiti kai tsaye, ko ya sayi magani a kyamis, zai iya samun kansa yana biya daga aljihunsa.

To, amma akwai giɓi babba. Shirin ma'aikatan gwamnatin tarayya ya haɗa da ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Shirin ɗalibai kuwa ɗalibi kaɗai ya sani. Mu ɗauki misalin mutumin Chadi da ya zo yin digiri na biyu tare da matarsa mai juna biyu da ƙaramin yaro. Shi yana da kati, su ba su da shi. Ga shi kuwa su ne suka fi buƙatar asibiti: ita awon ciki da haihuwa, yaron kuma zazzaɓin cizon sauro da damina. A gida dangi ne za su haɗa masa kuɗi. A nan ba shi da kowa sai abokan karatu, waɗanda su ma a hannu suke.

Abin da ya kamace shi shi ne ya yi wa iyalinsa rajista daban tun makon farko. Hukumar NHIA tana da shirin ɗaiɗaikun mutane da iyalai, Jihar Borno tana da tata hukumar mai suna BOSCHMA, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu. Kafin ya biya, ya tambaya ko an karɓi baƙo, ko haihuwa da tiyata suna ciki, da kuma ranar da katin zai fara aiki, domin ba lallai ba ne ya fara nan take. A nan ne jin Hausa yake yi wa baƙo rana. Wanda ya taso da Faransanci, in yana jin Hausa ko Barbarci, zai iya gaya wa nas inda yake masa ciwo ba tare da tafinta ba.

Wasu ƙasashe ba sa barin wannan batu ga zaɓin ɗalibi. A Jamus ba a yi wa ɗalibi rajista a jami'a sai ya nuna shaidar inshora. A Birtaniya, tun Fabrairun 2024, baƙon ɗalibi yana biyan fam 776 a shekara kafin a ba shi biza, kuma duk wanda ya biyo shi daga iyalinsa sai an biya masa nasa. Kuɗin da nauyi, amma babu wanda zai isa can bai san matsayin matarsa da ɗansa ba.

Ma'anar Kalmomi
asusu: wurin tara kuɗi
giɓi: wurin da aka bari ba a cike ba
larura: buƙatar da ta zama dole
juna biyu: ciki na mace
yi wa mutum rana: amfane shi a lokacin buƙata

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin adashi da inshorar lafiya?
2. Wane sauyi dokar 2022 ta kawo wa baƙi?
3. Me ya sa takardar turawa take da muhimmanci?
4. Me ake nufi da "ciwo ba ya sallama"?

Aiki
Ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama baƙon ɗalibi mai iyali, ɗaya jami'in inshora. Ku rubuta tattaunawarsu cikin jimloli goma, sannan ku karanta a gaban aji.