Ladan mai haɗa takardun haraji: ina iyakarsa?

Tambaya: Wani mai shagon kayan masarufi a babbar kasuwar Garwa ya rubuto cewa mai haɗa masa takardun haraji ya karɓi ladansa na shekara, sai kuma ya dawo yana neman ƙarin sefa 25,000. Hujjarsa ita ce daidaita kuɗin da manyan diloli suka riga suka cire wa mai shagon da sunan haraji aiki ne na dabam. Mai shagon yana so ya san ko biyan ya wajaba a kansa.

Amsa: A Kamaru, idan ɗan kasuwa ya sari sukari ko mai daga kamfani ko babban dila, ana ɗora masa wani kaso a kan kuɗin kayan, wanda dilan ke miƙa wa hukumar haraji ta ƙasa, DGI. Wannan kafin alƙalami ne, kuma wanda ke gabatar da lissafin shekara yana da damar a zare masa shi daga abin da ake binsa. Amma sai an bi rasitai ɗaya bayan ɗaya, an tabbatar kowanne na ɗauke da lambar shaidar mai biyan haraji, NIU. Idan rasitan na cikin leda a ƙasan kanta, wasu mai ya jiƙa su, wasu da sunan yaron shago, aikin kan cinye kwanaki.

Duk da haka, daidaitawar wani ɓangare ne na lissafin shekara, domin lissafin da ya bar ta bai kammalu ba. Ƙarin lada yana halatta ne kawai idan an faɗe shi tun kafin a fara aiki, ko kuma an nuna wa mai shago ainihin abin da ya ƙaru ya amince. Fito da shi bayan takardun mutum sun shiga hannu matsin lamba ne, kuma bai dace ba. Mafi muni shi ne neman kaso daga cikin kuɗin da aka zare, don hakan na kwaɗaita wa mai lissafi kumbura adadi, alhali tarar ƙarya a kan mai shago za ta faɗa.



Abin da ya kamata mai shagon ya yi shi ne ya nemi a rubuta masa aikin da farashinsa, a raba lada da haraji. Harajin ya biya da kansa ta banki ko ta waya, ya riƙe shaidar biya. Idan ba a daidaita ba, ya karɓi rasitansa ya tuntuɓi ofishin haraji na unguwarsa, ko ya shiga ɗaya daga cikin cibiyoyin CGA da gwamnati ta amince su riƙa taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa da lissafi.