Haruffa Masu Ƙugiya a Kwamfuta da Wayar Hannu: Jagora ga Malaman Hausa a Makarantun Ƙananan Hukumomi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wata matsala da malaman Hausa na makarantun firamare da ƙananan sakandare ke cin karo da ita kullum, wato lalacewar haruffan ɓ da ɗ da ƙ idan takardar darasi ko ta jarrabawa ta tashi daga wata na'ura zuwa wata. An bayyana tushen matsalar, an kawo hanyoyin shigar da haruffan a kwamfuta da waya, sannan aka nuna yadda za a ceto tsofaffin takardu. Maƙalar na ganin cewa maganin ya fi ƙarfin malami guda, sai Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma ta tsayar da tsari ɗaya ga makarantunta.

1.0 Gabatarwa

A lokacin da mai wannan maƙala ke koyarwa a wata ƙaramar sakandare, ya taɓa shirya tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango a kwamfutarsa, ya kai su wani shagon buga takardu a cikin filash. Washegari da aka raba wa ɗalibai, sai ga tambaya ta farko tana neman a kawo jam'in kalmar "}ofa", ta biyu kuma tana zancen "ha]a jimla". Kusan rabin lokacin jarrabawar ya tafi wajen gyara a kan allo. Abin da ya fi damun malamin shi ne yadda wasu ɗalibai suka kwaikwayi baƙaƙen alamomin nan a takardun amsarsu, domin a ganinsu duk abin da na'ura ta buga shi ne daidai.

Yaro yana koyon ƙa'idar rubutu ne daga abin da idonsa ya saba gani. A Hausa kuwa ƙugiya tana raba ma'ana: kafa daban, ƙafa daban, haka baki da baƙi, fada da faɗa, bata da ɓata, kaya da ƙaya. Tun a shekarun 1930, zamanin Rupert East da Hukumar Talifi ta Zariya, waɗannan haruffa suka zauna a rubutun boko, kuma tarukan daidaita ƙa'ida da suka biyo baya, har da na Yamai a 1980, ba su tumɓuke su ba. Saboda haka malamin da ya raba takarda marar ƙugiya yana warware wa ɗalibi abin da ya koya masa da safe.

2.0 Tushen Matsalar

Kwamfuta ba ta adana siffar harafi. Lamba take adanawa, sai zubin haruffan da aka zaɓa, irin su Times New Roman ko Arial, ya zana wa lambar siffa a kan fuskar na'urar. A farkon shigowar kwamfuta ƙasar Hausa, zubin da ke cikin na'urori ba su da ɓ da ɗ da ƙ, don haka aka nemi dabara. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro zubin Rabiat a shekarun 1990, wanda ya ari gurabun wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba ya ɗora musu siffar haruffan Hausa. Mai rubutu zai danna } ya ga ƙ, ya danna ] ya ga ɗ, ya danna ~ ya ga ɓ. Akwai kuma wata dabarar da ta yaɗu a sassan koyar da Hausa da maɗaba'u, inda aka ari q da x da v, tunda babu su a abacadan Hausa, aka mayar da su ƙ da ɗ da ɓ.

Ya kamata a yi wa waɗannan dabaru adalci. Da su aka buga littattafai da jaridu da kundayen digiri masu ɗimbin yawa a lokacin da babu wata mafita. Rauninsu shi ne aro ne: a ƙarƙashin siffar ƙ, lambar da na'ura ta adana ta } ce ko ta q. Muddin fayil ya isa kwamfutar da ba a ɗora mata wannan zubin ba, ko aka kwafe rubutun zuwa WhatsApp, sai ainihin alamar ta fito fili. Ko da an mayar da takardar PDF ta fito tsaf a ido, wanda ya nemi kalmar "ƙasa" a cikinta ba zai same ta ba, domin abin da ke kwance a ciki "}asa" ne.

Tsarin Yunikod, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya bai wa kowane harafi lambarsa ta dindindin da dukkan na'urori suka amince da ita. Ƙaramin ɓ yana da 0253, babba 0181; ƙaramin ɗ yana da 0257, babba 018A; ƙaramin ƙ yana da 0199, babba 0198. Harafin ƴ da ake amfani da shi a Jamhuriyar Nijar a madadin 'y na Nijeriya yana da 01B4, babbansa 01B3. Harafin da aka shigar da lambarsa ta asali yana nan yadda yake ko ina ya je.

Gwajin da zai raba gardama mai sauƙi ne. Malami ya kwafi kalma guda mai ƙugiya daga takardarsa, ya aika wa kansa ita a saƙon waya. Idan ta iso da ƙugiyarta, Yunikod ce. Idan ta rikiɗe, ta aro ce.

3.0 Shigar da Haruffan

3.1 A Wayar Hannu

Galibin malaman ƙananan hukumomi sun fi mallakar waya a kan kwamfuta, kuma a nan aikin ya fi sauƙi. Allon madannai na Gboard da na SwiftKey duk suna da Hausa a jerin harsunansu. Malami zai shiga saitin allon, ya ƙara Hausa, daga nan idan ya danne b ko d ko k ya ɗan riƙe, mai ƙugiyar zai bayyana. Wata fa'idar ita ce allon zai daina "gyara" kalmomin Hausa zuwa na Ingilishi. Sai dai a lura da kalmomin da yake hasasowa, domin yana koyo daga rubutun mai wayar, kuma wanda ya saba rubuta "kasa" a madadin "ƙasa" zai ga ana ta miƙo masa kuskurensa.

3.2 A Kwamfuta

Hanya mafi ɗorewa ita ce ƙara allon madannai na Hausa da ke cikin Windows ta sashen saitin harshe. Bayan an ƙara shi, ana danna Alt na hannun dama tare da b ko d ko k. Wanda ke son zaɓi mai faɗi, musamman mai nazarin harshe da ke buƙatar alamar karin sauti, yana iya sauke manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, kyauta ce.

Idan kwamfutar ta aro ce, kamar ta shago ko ta ofishin shugaban makaranta, akwai hanyar gaggawa a Microsoft Word: a rubuta lambar harafin, a danna Alt da X tare, lambar za ta koma harafi. Amma a nan akwai tarko da ke kama marubucin Hausa fiye da kowa. Word yana ɗaukar haruffan a, b, c, d, e, f a matsayin ɓangaren lamba, ga shi kuma wasalin a ya cika kalmominmu. Wanda ya rubuta "ba" ya bi shi da 0199 yana nufin "baƙi", na'urar za ta haɗa "ba0199" ta karanta a matsayin lamba guda, sai ta ƙi sauyawa ko ta fito da wata alama daban. Maganin shi ne a sa U+ kafin lambar, wato baU+0199, sannan a danna Alt da X. Wanda zai yi dogon rubutu kuwa gara ya buɗe akwatin alamomi na Word sau ɗaya, ya ware wa kowane harafi gajeriyar hanyar dannawa, ya huta da haddar lambobi.

Game da zubi, sababbin Times New Roman da Arial suna ɗauke da haruffan. Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, zubin Andika ya fi dacewa, domin an tsara shi ne musamman don masu koyon karatu, kuma a da g ɗinsa sun yi kama da waɗanda malami ke rubutawa a allo.

3.3 Alamar Hamza da ta 'y

Wannan ƙaramin abu ne da ake yawan tsallakewa. Idan kalma ta fara da alamar, kamar a 'ya'ya ko 'yanci, Word yakan zaci buɗe zance ake yi, sai ya juya ta ta fuskanci ɗaya gefen. Danna Ctrl da Z nan take yana mayar da ita miƙaƙƙiya. Wanda ke shirya takardar koyar da ƙa'idojin rubutu bai kamata ya bar alamar farko da ta tsakiyar kalma guda suna kallon gefe daban-daban ba.

4.0 Ceto Tsofaffin Takardu

Malamin da ya shekara goma yana koyarwa yana da tarin tsare-tsaren darasi da tambayoyi a tsohon zubi, kuma ba hikima ba ce a ce ya sake buga su. Akwatin nema da musanyawa, wanda ake buɗewa da Ctrl da H, zai yi aikin cikin 'yan mintuna. Kafin komai a ajiye kwafin asali a wani wuri daban, a yi aiki a kan kwafi na biyu.

Ga takardun Rabiat, ana musanya alamomi shida ɗaya bayan ɗaya: } zuwa ƙ, { zuwa Ƙ, ] zuwa ɗ, [ zuwa Ɗ, ~ zuwa ɓ, | zuwa Ɓ. Wajen da ake tuntuɓe shi ne takardun ilimin furuci, inda ake sa sauti a cikin baka mai kusurwa. Idan aka yi musanyar kai-tsaye, [b] zai koma Ɗbɗ. Tunda dole marubucin asali ya sauya zubi kafin ya samu bakar gaskiya, sai a umarci akwatin ya taɓa abin da ke cikin zubin Rabiat kaɗai, ta zaɓin siffa da ke ƙasan akwatin.

Takardun q da x da v sun fi haɗari, kuma shaidar hakan tana nan a mujallunmu. Duk mai karanta maƙalun Hausa a intanet ya taɓa cin karo da "Uniɓersity" a jerin manazarta. Wani ne ya musanya kowane v da ɓ a takarda baki ɗaya. A takardar jarrabawa ɓarnar takan faɗa kan lambobin Romawa, tambaya ta iv ta koma iɓ, ta x ta koma ɗ. Don haka a fara zaɓar sashen Hausa zalla, a bar sunayen littattafan Ingilishi da lambobin tambayoyi a waje, a kuma kunna zaɓin da ke bambanta babban baƙi da ƙarami, don kada Q ta farkon jimla ta rikice da q ta tsakiya. Bayan an gama, a zaɓi rubutun duka a mayar da shi zubin da ke da Yunikod, sannan a karanta shi da ido tun daga farko. Na'ura tana musanya abin da aka nuna mata ne kawai. Inda marubucin asali ya manta ƙugiya tun farko, ba za ta sani ba.

5.0 Matakin Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma

Malami ɗaya zai iya gyara na'urarsa, amma takardunsa suna ratsa hannaye da yawa kafin su isa ga ɗalibi: shugaban makaranta, jami'in jarrabawa, mai duba makarantu, mai shagon bugawa. Inda ake shirya jarrabawar bai-ɗaya ga makarantun ƙaramar hukuma, kuskuren kwamfuta guda yana isa kowane aji a rana ɗaya. Wannan ne ya sa maƙalar ke ganin Sakataren Ilimi ne ya dace ya fitar da takardar umarni mai shafi guda, wadda za ta ce duk rubutun Hausa a yi shi da Yunikod, kuma duk abin da za a kai bugawa a kai shi a PDF, domin PDF yana tafiya da zubinsa. Fayil ɗin Word kuma a ajiye shi don gyara na gaba.

Horon da wannan ke buƙata bai kai taron bita na kwana uku ba. Sa'a guda a taron malaman gunduma ta isa kowa ya ƙara Hausa a allon wayarsa ya gwada. Zai yi kyau a gayyaci masu shagunan buga takardu na garin, tunda a hannunsu aikin ke ƙarewa, kuma da yawansu har yanzu suna riƙe da tsohon zubi saboda shi abokan cinikinsu ke kawowa. Inda data ke da tsada, mutum ɗaya ya sauke Andika da Keyman, sauran su karɓa ta Bluetooth ko filash. Lasisinsu ya halatta rabawa.

Akwai kuma abin da ya shafi manhajojin fassara. Google Translate ya sa Hausa a jerin harsunansa tun 2013, kuma malamai suna jingina da shi wajen juya bayanan kimiyya da lissafi. Abin da aka ba shi da shi yake aiki: "}asa" ba kalma ba ce a wurinsa, "kasa" kuma tana iya zama gazawa ko kasa kaya a kasuwa ko macijiya, alhali ƙasa ake nufi. Duk abin da ya fito daga irin waɗannan manhajoji a ɗauke shi a matsayin daftari, malami ya bi shi jimla-jimla ya daidaita ƙugiya da rabin kalma da jinsi, kafin ya kai shi gaban aji.