Zuwa Kaduna Kallon Gasar Folo: Shawarwari ga Baƙo

Duk shekara idan damina ta ɗauke, motocin dakon dawaki kan kamo hanyar Kaduna daga Katsina da Kano da Zariya da Jos, har da Legas da Fatakwal. Abin da ke tara su shi ne gasar ƙwallon dawaki, wadda aka fi sani da folo. An kafa kulob ɗin folo na Kaduna a 1918, kuma tun 1919 ake fafatawa a kan Kofin Georgian, wanda har gobe babu kofin da ya kama ƙafarsa a folon Najeriya.

Yawancin baƙi ranar rufewa suke zuwa. Su sha kallon manyan riguna da jerin gwanon motoci, su tafa idan sun ga ana tafi, su koma gida ba su san dalilin da alƙali ya busa usur ko sau ɗaya ba. Shawarata ta farko, wadda duk sauran suka rataya a kanta, ita ce ka iso tun ana tsakiyar gasa, ka bi ta kwana uku ko huɗu. A ranakun nan ne za ka san dawaki da mahayansu, ka gane wasan, ka zaɓi ƙungiyar da za ka mara wa baya. Ranar ƙarshe sai ta same ka a matsayin ɗan kallo na gaske.

Yaushe za ka taso

Ba rana ɗaya ake tsayarwa kowace shekara ba. Galibi gasar kan faɗo ne tsakanin Oktoba da Disamba, kuma takan ɗauki mako guda ko fiye. Kada ka biya kuɗin mota ko na masauki sai ka ga sanarwar kulob ɗin a jarida ko a shafinsa na sada zumunta. Ko bayan ka iso, ka riƙa tambayar jadawalin kowace rana da safe, domin akan sauya lokacin wasa idan wata ƙungiya ta makara ko dawakinta ba su huta ba. Manyan wasanni da yamma ake yin su, idan rana ta yi sanyi, a kuma tashi kafin duhu.

Hanyar shiga gari

Mai tasowa daga Kano yana da tafiyar kilomita kusan 230, na Zariya kuwa kusan 80. Dukansu ta Kawo za su shigo. Daga Kawo titin Ali Akilu zai miƙe da kai har shataletalen Lugard Hall, inda majalisar dokokin jiha take zama. Daga nan Dandalin Murtala, inda filin folo yake, ba nisa. Kowane mai Keke Napep ya san wurin. Ku daidaita kuɗi kafin ka hau, ka kuma tanadi canji.

Mai tasowa daga Abuja yana da zaɓi biyu: mota ko jirgin ƙasa. Layin dogon, mai tsawon kilomita 186, an buɗe shi a 2016. Ana hawa a Idu ko Kubwa, a sauka a Rigasa. Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri, musamman na Juma'a da Lahadi, ka riƙe katin shaidarka a hannu. Rigasa tana can yammacin gari, don haka ka ware lokaci da kuɗin motar da za ta kawo ka tsakiya. Idan mota ka zaɓa, ka yi sammako ka iso da rana tsaka. Tafiyar dare a manyan hanyoyin nan ba abin so ba ce, kuma babu wasan da ya kai ka sayar da ranka saboda shi.

Inda za ka sauka

Ka nemi masauki a arewacin kogin Kaduna. Cunkoson gadar da ta haɗa ɓangarorin garin biyu yana iya cinye maka rabin wasa. Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki, da layukan da ke kewayen titin Isa Kaita da titin Sultan da titin Alkali, duk suna da otal-otal da gidajen baƙi, daga masu tsada zuwa masu sauƙi. Tsohon otal ɗin Hamdala yana kan titin Muhammadu Buhari, wanda tsofaffin mazauna gari har yanzu suke kira Waff, kusa da dandalin. Abu uku za ka tambaya kafin ka biya: ƙarfe nawa ake tayar da janareta da kashe shi, akwai ruwa a famfo, kuma akwai wurin ajiye mota a cikin gida? A makon gasa ɗakunan kusa kan cika da 'yan wasa da muƙarrabansu, saboda haka ka kama naka tun kana gida.

Yadda ake kallon wasan

Kowace ƙungiya mahaya huɗu ne, da lamba 1 zuwa 4 a rigunansu. Na 1 shi ne ɗan gaba mai neman ci, na 4 mai tsaron baya, na 3 kuwa shi ke rarraba ƙwallo, kuma yawanci shi ne gwanin ƙungiya. Idan ka rasa wanda za ka sa wa ido, bi mai lamba 3.

Cikakken fili yadi 300 ne a tsawo, 160 a faɗi, tsakanin sandunan gola kuma yadi 8. Ana raba wasa zuwa zango-zango da ake kira caka, kowace minti 7, kuma wasa guda kan kasance caka 4 zuwa 6. Da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda, ko da mutum bahago ne. Abin da ya fi rikita sabon ɗan kallo shi ne duk sanda aka ci, sai ƙungiyoyin su yi musayar gola. Idan ka ga 'yan wasanka sun juya sun nufi inda suka fito, ba ruɗewa suka yi ba.

Babbar dokar folo ita ce ta layin ƙwallo. Da zarar an buga ƙwallo, hanyar da ta bi ta zama kamar titi, wanda ya biyo ta daidai shi ke da hannu, kuma ba a yarda wani ya gitta masa a kusa ba. Dalili a fili yake: dawaki biyu a guje in suka yi karo, ana iya rasa rai. Mafi yawan usur ɗin da za ka ji, a kan wannan ne. Alƙalai biyu ne a kan dawaki, na uku yana zaune a gefe don raba gardama, kuma laifi kan jawo bugun fanareti daga yadi 30 ko 40 ko 60, gwargwadon girmansa.

Abin da aka halatta shi ne ka ture abokin hamayya daga kan layin, kafaɗa da kafaɗa. Idan aka yi sa'a hakan ta faru a gabanka, ka lura da kyau. Dawaki biyu za su taho a manne, gwiwar mahayi ta danne ta ɗan'uwansa, ƙasa tana girgiza, kana jin hucin dawakin da ƙarar likkafa tana gugar likkafa. Can sai ɗaya ya miƙe a kan likkafarsa, ya sunkuya ta gefe har ka ce zai faɗo, ya zabga wa ƙwallo sanda ta ƙarƙashin wuyan doki. Ana kuma iya maƙale sandar mai shirin bugu da taka sandar, a hana shi bugun.

Kowane ɗan wasa yana da makin gwaninta, daga 2 ƙasa da sifili har zuwa 10. Ana tara makin mutum huɗun a san nauyin ƙungiya, a wasu kofunan kuma akan ba ƙungiya mai rauni ci tun kafin a fara. Don haka kada ka yi mamaki idan ka ga lamba a kan allo alhali ba a jefa ƙwallo ba.

Leƙa wurin dawaki

Mahaya da kansu za su gaya maka cewa doki ne ke yin mafi yawan aikin. Ka iso awa guda kafin wasa, ka zagaya gefen da ake ɗaure dawaki, ka yi sallama ga 'yan barga, ka nemi izini ka tsaya. Za ka ga an aske gezar kowane doki, an kitse wutsiyarsa an naɗe don kada sanda ta sarƙe, an kuma naɗe ƙafafunsa da bandeji saboda bugun ƙwallo. Akwai dawakin gida, akwai kuma waɗanda aka shigo da su daga Ajantina, ƙasar da ta fi kowace shahara a folo. Bahaushe ya saba da hawan ingarma, amma a nan goɗiyoyi da yawa za ka gani, domin masu folo suna yaba zafin namansu da saurin juyawarsu.

Doki ba ya jure caka bayan caka, dole a canza shi. Da an busa usur, mahayi zai sukwano gefe, ɗan barga yana riƙe da sabon doki a shirye, wani gwanin ma sai ya tsallaka daga sirdi zuwa sirdi ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Wanda ya gaji kuma, jikinsa duk kumfar gumi, nan take za a sassauta masa majayi, a sauke sirdi, a kwara masa ruwa, a riƙa zagayawa da shi har numfashinsa ya daidaita. Waɗannan samarin su ne ƙashin bayan gasar. Su suka san wane doki ne ke ɗingishi, wace ƙungiya ce dawakinta suka ƙare. Ka girmama su, za ka ji abin da mai sanarwa a lasifika ba zai faɗa ba. Sai dai kada ka tsaya a bayan doki, kada ka taɓa shi ko ka miƙa masa abinci ba da izini ba.

Kofuna da masu su

Ban da Georgian, wanda manyan ƙungiyoyi ke nema tare da ƙwararrun da suke ɗaukowa daga waje, akwai Kofin Sarkin Katsina, da na Imani, da na El-Amin. A ƙananan kofunan ne ake ganin matasa masu tasowa, kuma wasanninsu kan yi zafi ƙwarai. Ƙungiyar El-Amin ta Mohammed Babangida ta ɗauki Georgian sau fiye da goma, saboda haka duk ranar da za ta fito, ka kama wuri da wuri.

Sunan Katsina a kan kofi yana da tushe. Sojojin Ingila ne suka kawo folo Legas a 1904, amma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya rungume shi ya mai da shi wasan gida. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai maki 7, jikan Dikko, Janar Hassan Usman Katsina, kuma ya riƙe wasan har ƙarshen rayuwarsa. Shi ma filin na Kaduna yana da nasa tarihin: nan ne tsohon filin sukuwa inda aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956.

Guzuri da ladabin fili

Rumfar manyan baƙi ta masu katin gayyata ce. Kada hakan ya dame ka, domin na gefen fili ya fi jin wasan a jikinsa. Ka nemi wajen tsakiya, rana a bayanka. Ka riƙe ruwan sha, da hula ko malafa, da takunkumi saboda ƙurar hunturu, da rigar sanyi ta yamma. Ka zo da tsabar kuɗi kaɗan, domin tura kuɗi ta waya kan yi gardama a cikin taro. Ka yi alwala tun daga masauki, ka yi la'asar a tsakanin wasanni.

Kada ka tsallake iyakar da aka shata wa 'yan kallo, ko da kana ɗaukar hoto. Ƙwallon tana da tauri, doki a guje kuma ba ya tsayawa nan take. Idan ƙwallo ta fito, bar ta inda take. Mai yara ya riƙe hannunsu. Yi wa ƙungiyarka kirari iya son ranka, amma idan mahayi ko doki ya faɗi, a yi shiru a ba masu agaji hanya.

Safiya da dare

Tun da wasa na yamma ne, safiyarka taka ce. Je Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, ka ga hotuna da takardun tarihin Arewa. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa yana kan titin Ali Akilu. A bakin kogi akwai lambun Gamji, inda aka kafa gadar ƙafa ta Lugard da aka ɗauko daga Zungeru a 1954. Tsaraba kuwa sai Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ranar Juma'a, idan a Masallacin Sultan Bello za ka yi salla, ka fita da wuri, ka kuma sa cunkoson bayan salla a lissafinka.

Da dare akwai masu tsire da balangu da masu shayi a kowace unguwa, da teburan sinuka inda samari ke taruwa. Ka buga don nishaɗi in kana so, amma ka guji na kuɗi. Ka koma masauki da wuri, ka bar wa wani na gida lambar wurin da ka sauka.

Ranar rufewa ka iso tun kafin azahar ta wuce, ka ajiye mota nesa da ƙofa don fita ta yi maka sauƙi, kuma ka kwana a gari maimakon kama hanya bayan an miƙa kofi. Idan wasan ya shiga ranka, akwai filin Fifth Chukker a Kangimi, kan hanyar Jos, inda ake yin gasar tallafa wa yara ta bankin Access da UNICEF, akwai kuma gasannin Katsina da Kano da Zariya. Kafin ka bar Kaduna, tambayi 'yan barga inda za su nufa daga nan, sai ka fara shirin tafiya ta gaba.