Me Ya Sa Jijiyar Zuciya Ke Sake Tsukewa?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi ya ce an buɗe wa mahaifinsa jijiyar zuciya da hasken leza, amma bayan wata biyar ciwon ƙirjin ya dawo. Shin aikin ne ya lalace?

To malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ba lallai kuskure aka yi ba. Leza tana narkar da kitsen da ya toshe jijiyar, sai dai tana raunata bangonta. Garin warkewa, naman wurin kan yi kauri kamar tabon da ya kumbura, hanyar jinin ta sake tsukewa, galibi cikin wata 3 zuwa 6. Masu ciwon suga sun fi gamuwa da wannan. Binciken da aka yi a Jamus a shekarun 1990 ya nuna leza ba ta fi buɗe jijiya da balan-balan hana hakan ba. Ƴar ragar ƙarfe mai ɗauke da magani da ake sanyawa a jijiyar ce ta rage matsalar sosai.

Don Allah kada ku jinkirta. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, likitan zuciya ya duba shi. Kada ya ajiye maganin hana jini daskarewa sai likita ya ce. In ciwon ya kama shi yana zaune, a tafi nan take, ko da dare ne.